Yadda za ka tura babban ambulan daga Kaduna, ka riƙe shaidar turawa da ta isarwa

Takardun da suka fi nauyi a rayuwar mutum yawanci ba a naɗe su. Shaidar kammala digiri, takardar mallakar fili, zanen gini, fayil ɗin fansho na dattijon da ya cika shekara 35 a aikin gwamnati, amsar da lauya ya rubuta wa wani kamfani a Legas, duk sai a babban ambulan suke tafiya. Kuma duk irin takardun ne da in aka ce maka "ba mu gani ba", barci zai ƙaurace wa idonka. Mu a Kaduna mun saba da hanya mai sauƙi: a je tashar Kawo ko ta Mando, a ba direba saƙo, a karɓi lambar wayarsa, a kira na can a ce ya je ya tarbi mota. Hanyar tana aiki, tana kuma da sauri. Sai dai ranar da gardama ta tashi, lambar wayar direba ba hujja ba ce a gaban kowace hukuma.

Shaidar da kake buƙata iri uku ce, ba ɗaya ba. Akwai shaidar cewa ka tura, ran kaza, daga wuri kaza. Akwai shaidar cewa saƙon ya isa, wane ne ya karɓa. Sannan akwai shaidar abin da ke cikin ambulan ɗin. Gidan waya zai ba ka ta farko, zai kuma taimaka maka da ta biyu in ka biya kuɗinta. Ta ukun babu mai ba ka. Kai ne za ka haɗa ta da hannunka kafin ka liƙe bakin ambulan, kuma ita ce aka fi yin sakaci da ita.

Karanta abin da aka nema tukuna

Kafin ka sayi ko da ambulan, zauna ka sake karanta takardar ko sanarwar da ta sa za ka yi aiken. Abu huɗu za ka nema a ciki. Asalin takarda suke so ko kwafi? In an ba da wa'adi, ranar turawa ake nufi ko ranar isa? Adireshin da suka bayar na titi ne ko na akwatin gidan waya? Kuma kai ne za ka tura, ko dole sai makarantarka ko ma'aikatarka ce za ta tura da kanta?

Batun wa'adi ya isa a tsaya a kansa. Wasu hukumomi hatimin gidan waya suke dubawa, in kwanan watan da ke jikinsa bai wuce wa'adi ba sun karɓa ko da saƙon ya iso a makare. Wasu kuma ba ruwansu da ranar da ka tura, ranar da ya shiga ofishinsu ita ce magana. In sanarwar ba ta fayyace ba, ɗauki na biyun, ka tura da wuri.

Asalin takarda kuwa, shawarata kada ka sake ta sai in babu makawa. Sau da yawa kwafin da aka tabbatar ya wadatar, wato wanda hukumar da ta ba da takardar ko lauya mai izinin tabbatar da takardu ya buga wa hatimi ya sa hannu. Diyyar da ake biya in saƙo ya ɓata ba ta kai wahalar sake neman shaidar digiri ko takardar fili ba.

Girman ambulan da nauyinsa

Takardar A4 da muke bugawa a shagunan kwamfuta faɗinta milimita 210 ne, tsawonta 297. Ambulan ɗin da aka yi dominta, wanda za ta shiga a miƙe, shi ne C4, mai milimita 229 da 324. In takardun suna da yawa, ko za ka haɗa da kwali da fayil, C4 zai matse, sai ka nemi B4 mai 250 da 353. Zanen gini ko taswirar fili mai girman A3, wato 297 da 420, C3 take buƙata, mai 324 da 458. Masu sayar da kayan rubutu a kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da shagunan titin Ahmadu Bello ba lallai su kira su da waɗannan sunaye ba. Abin da ya fi shi ne ka tafi da takarda ɗaya mai girman naka, ka zura ka gani. A bar ɗan sarari ta kowane gefe, don mai buɗewa da reza ko almakashi kada ya haɗa da takardar.

Zaɓi mai kauri, ruwan ƙasa. Farin nan mai laushi na katin biki ba ya jure tafiya cikin buhun wasiƙu.

Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya, UPU, wadda aka kafa a 1874 kuma hedikwatarta ke birnin Bern na Suwizalan, ita ce ke shimfiɗa ƙa'idar aike tsakanin ƙasashe, kuma Nijeriya tana cikinta. A tsarinta, abin da ake kira babbar wasiƙa ba ya wuce milimita 305 da 381, kaurinsa ba ya wuce milimita 20, nauyinsa giram 500. Da ya wuce nan ya shiga rukunin masu kauri. Iyakar duk abin da zai tafi da sunan wasiƙa kilo 2 ne, kuma in an haɗa tsawo da faɗi da kauri kada su haura milimita 900, gefe mafi tsawo kada ya haura 600. Abin da ya zarce haka ya zama ƙunshi, kuɗinsa daban, fom ɗinsa daban.

Kana iya kintatar nauyin tun daga gida. Fallen A4 ɗaya na takardar da aka saba bugawa giram 5 ne ko kusa da haka. Falle ɗari ya kai rabin kilo ke nan, falle ɗari huɗu ya cinye kilo biyun gaba ɗaya tun ba a sa kwali da ambulan ba. Ɗalibin da zai tura kundin bincikensa mai bango, ko ɗan kwangilar da zai tura takardun neman aiki kwafi uku, ya san da wannan.

Zanen da ya fi A3 kada ka naɗe shi gida-gida. Nannaɗe shi ka zura cikin bututun kwali ko na roba mai murfi. Shi ma yana da iyaka a gidan waya: tsawonsa kada ya wuce milimita 900. In kuma kamfanin kai saƙo za ka ba, sani cewa ba sikeli kaɗai suke dubawa ba, har da wurin da kayan zai ci a jirgi. Manyan kamfanoni irin su DHL suna ninka tsawo da faɗi da kauri a santimita, su raba da 5000, abin da ya fito su kwatanta shi da nauyin sikeli, su caje ka da wanda ya fi yawa. Ƙunshi mai santimita 60 da 40 da 5 zai fito kilo 2.4 ko da a hannu bai kai kilo ɗaya ba. Saboda haka kada ka sa ƙaramin abu cikin ƙaton kwali don kawai shi ne a kusa.

Shaidar abin da ke ciki

Nan ne zan fi daɗewa, domin nan ne ake faɗuwa. Rasit ɗin gidan waya yana cewa ne ka kawo ambulan mai nauyi kaza zuwa adireshi kaza. Ba ya cewa akwai shaidar digiri a ciki. Wanda ya karɓa yana iya amsa cewa lallai ambulan ya iso, amma takarda kaza ba ta ciki, kuma ba lallai ƙarya yake yi ba: wataƙila magatakardan da ya buɗe ne ya raba takardun gida biyu, ɗaya ta shige wani fayil. Kai kuma ba ka da abin nunawa.

Fara da wasiƙar rakiya. Shafi ɗaya ne, a sama kwanan wata da sunanka da adireshinka da lambar wayarka, sai sunan ofishin da kake turawa, sai lambar fayil ko lambar da suka ba ka in akwai. A ƙasa ka jera duk abin da ke cikin ambulan ɗin ɗaya bayan ɗaya, kowanne da yawan shafukansa, da bayanin asali ne ko kwafi. Kada ka rubuta "takardun makaranta" ka yi shiru. Rubuta sunan kowace takarda, shekarar da aka bayar da ita, da lambar da ke jikinta. A ƙarshe ka faɗi jimillar shafuka, ka sa hannu. In kwafi ne, bi su da fensir a ƙasan kusurwa ka sa musu lamba, 1 cikin 24, 2 cikin 24, har ƙarshe. Asalin takarda kuwa ba a yi mata rubutu ko da na fensir.

Buga wasiƙar nan kwafi uku. Ɗaya na masu karɓa ne. Ɗaya naka ne, ya zauna a gida. Na ukun shi ma ambulan zai shiga, amma a ƙasansa ka bar wuri da aka rubuta: an karɓa, suna, muƙami, sa hannu, kwanan wata, hatimi. A jikin wasiƙar ka roƙi a cike wannan a dawo maka da shi, ko a ɗauki hotonsa a turo ta WhatsApp ko imel ɗin da ka bayar. Ofisoshinmu sun san wannan al'ada sarai, kowane rajistiri yana da hatimin karɓar takardu mai kwanan wata. In kana so a dawo da shi ta gidan waya cikin Nijeriya, haɗa da ƙaramin ambulan da ka rubuta adireshinka ka manna masa kan sarki, don kada kuɗin aike ya zama uzuri. Kan sarkin Nijeriya ba ya aiki daga wata ƙasa, don haka na waje imel za ka nema.

Wannan kwafi mai hatimi, in ya dawo, ya fi duk wata shaida ƙarfi, domin shi kaɗai ne ya haɗa isarwa da abin da aka isar a takarda ɗaya.

Bayan haka yi fotokwafin komai, gaba da baya in bayan yana da rubutu ko hatimi. Sannan shimfiɗa takardun a kan tebur tare da wasiƙar rakiyar da ambulan ɗin da ka riga ka rubuta wa adireshi, ka ɗauke su hoto yadda za a iya karanta kowace. Wasu kan ɗauki bidiyo tun daga zura takardu har liƙe baki ba tare da yankewa ba, kuma ina ganin dabara ce mai kyau in maganar ta kuɗi ce ko ta gado ko ta fili. Tura hotunan zuwa imel ɗinka a ranar, don waya tana ɓata, tana kuma lalacewa.

In takardar ta shari'a ce, kamar sanarwar tashi ga ɗan haya ko amsar sammaci, tambayi lauyanka kafin ka tura. Kowace kotu tana da ƙa'idarta kan yadda ake isar da takarda, kuma akwai waɗanda sai ma'aikacin kotu ne zai kai hannu da hannu. Rajistar gidan waya ba ta maye gurbin wannan.

Shirya ƙunshin

Sa takardun cikin ledar fayil mai haske, ka juya bakinta ƙasa ko ka liƙe shi. Wanda ya san ruwan Agusta a Kaduna ba sai an yi masa dogon bayani ba, buhun wasiƙu yana sauka daga mota a fili, mai babur ɗin kamfani ma ruwa kan kama shi a hanya. Tawadar hatimi da ta sa hannu su ne farkon zuba. Sai ka yanko kwali biyu daidai girman takardun, ɗaya sama ɗaya ƙasa, ka ɗan kama gefensu da salatif. Rubuta "kada a lanƙwasa" a bayan ambulan yana da kyau, kuma da Turanci za ka rubuta don ma'aikatan hanya, amma kwalin ne ke hana lanƙwasawar, ba rubutun ba.

Kada ka huda asalin takarda da abin maƙala takardu. Kilif ya isa, shi ma a kan ledar, ba a jikin takardar ba, saboda tsatsa.

Gam ɗin bakin ambulan ba abin dogaro ba ne, musamman wanda ya sha hunturu a shago ya bushe. Ƙara gam na ruwa, ka sa hannu a gicciye kan mahaɗar bakin yadda rabin sa hannun ke kan marfi rabi kan jiki, sannan ka bi da salatif mai faɗi. Ƙarfafa kusurwoyi huɗun ma. Amma bar gaban ambulan ɗin, musamman kusurwar sama ta dama, babu salatif, domin nan kan sarki da hatimi za su zauna, kuma tawada ba ta kama roba.

Togiya ɗaya: in waje za ka tura, ko ta kamfani, je da ambulan a buɗe da gam da salatif ɗinka a aljihu. Suna da damar duba abin da ke ciki kafin su karɓa. A gabansu za ka liƙe. In kuma a ciki akwai ambulan da makaranta ta rufe ta buga wa hatimi, irin sakamakon karatu da jami'o'in waje ke nema daga ABU Zariya ko Jami'ar Jihar Kaduna (KASU) ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, wannan ba a buɗe shi. Da zarar hatimin ya karye, can ba za su karɓa ba. Yi wa ma'aikacin bayani tun farko, ka sa shi yadda yake cikin babban ambulan.

Adireshi

Rubuta da manyan baƙaƙe, da biro ko alƙalamin maka da ruwa ba ya wankewa, ko ka buga a takarda ka manna. Na mai karɓa a tsakiya, ya ɗan karkata dama. Naka a kusurwar sama ta hagu, da ƙananan rubutu, amma cikakke, domin ta nan saƙon zai dawo in bai samu mai shi ba.

In ofis ne, sa muƙami a gaba, ba sunan mutum kaɗai ba. Ma'aikaci kan tafi hutu, a yi masa canjin wurin aiki, ko ya yi ritaya, sai ambulan mai sunansa ya zauna a aljihun tebur babu mai ikon buɗewa. Rubuta Magatakarda, ko Darakta na sashe kaza, in ya so a ƙasa ka ƙara sunan wanda kuka yi magana da shi.

Lambar yanki ta gidan waya a Nijeriya lambobi shida ce. Ta babban ofishin Kaduna 800001, Abuja 900001, Legas 100001, Kano 700001, kuma kowace unguwa tana da tata da ake iya dubawa a shafin intanet na NIPOST, hukumar gidan waya ta Nijeriya. Amma gaskiyar magana, a garuruwanmu lambar wayar mai karɓa ta fi komai aiki. Gida nawa ne a Rigasa ko Hayin Banki ko Unguwar Mu'azu ke da lamba a ƙofa? Haka abin yake a unguwannin wasu garuruwan. Sa lambar waya biyu in da hali, da wata alama sananniya kusa da gidan, masallaci ko makaranta ko gidan mai. Sannan ka kira mutumin ka gaya masa saƙo na tafe, ya riƙa ɗaga baƙuwar lamba.

Adireshin da ya fara da P.M.B. ko P.O. Box na gidan waya ne. Kamfanonin kai saƙo ba su da mabuɗin waɗannan akwatuna, ƙofa suke kaiwa, don haka sai ka nemo adireshin titi in su za ka ba. Na ƙasar waje kuma, kwafe shi daidai yadda aka ba ka, layi bayan layi, sunan ƙasar da manyan baƙaƙe shi kaɗai a layin ƙarshe.

Wace hanya za ka bi

Wasiƙar da aka manna wa kan sarki aka jefa akwati ba ta da rasit, ba ta da lamba. Cire ta daga lissafi.

Rajista ita ce tsohuwar hanya, tun zamanin ma'aikatar gidan waya da tarho ta P&T kafin a raba ta a 1985 a fitar da NITEL da NIPOST. Ana ba ambulan lamba, a ba ka rasit, a rubuta shi a duk inda ya sauka, kuma ba a miƙa shi sai an sa hannu. Kuɗinta ya fi sauƙi. Abin da ya kamata ka fahimta shi ne rajista tsaro take saye maka, ba sauri ba. In wa'adinka ya matso, ba ita ba ce.

EMS ita ce sashen gaggawa na NIPOST, cikin gida da waje, da lambar bibiya da sa hannun mai karɓa. Sai kamfanoni masu zaman kansu, DHL da UPS da FedEx da na gida irin su GIG Logistics da Red Star Express. Sun fi tsada, musamman zuwa waje, amma bibiyarsu a intanet ta fi bayani dalla-dalla. A ganina, takardar da ba ta da wa'adi kuma za ta akwatin gidan waya, rajista ta ishe ta. Mai wa'adi, EMS ko kamfani. Asalin takardar da ba a sake samu kuwa, in Abuja ce, na fi son mutum ya hau jirgin ƙasa daga tashar Rigasa zuwa ta Idu a Abuja ya kai da kansa, a buga masa hatimi a kwafinsa ya juyo.

Tasha ma tana da amfaninta in aka haɗa ta da amintaccen mutum a can: direba ya kai wa ɗan'uwanka, shi kuma ya kai ofishin da ƙafarsa, ya karɓo kwafi mai hatimi. Shaidar a nan hatimin ne, ba direban ba.

A gaban kanta

Babban gidan waya na Kaduna yana kan titin Yakubu Gowon. Je da safe, farkon mako, da katin shaidarka. Saƙon da aka bayar da yammacin Juma'a ko jajibirin Sallah yana iya kwana biyu ko uku bai bar gari ba.

Faɗi abin da kake so a fili tun kafin a ɗora a sikeli: "Sannu da aiki, Hajiya. Rajista nake so a yi mini, kuma ina son shaidar cewa an karɓa a can." Akwai tsohon tsari na gidajen waya na duniya da ake kira AR, wani kati ne ruwan hoda mai lamba CN 07 da ake maƙalawa a bayan ambulan. Mai karɓa ya sa hannu a kai, a cire shi a dawo wa mai aike. Tambaya ko za a iya maƙala maka shi zuwa inda kake turawa, ka biya kuɗinsa daban, ka rubuta adireshinka a jikinsa da kyau. In ba a yi zuwa can, ga kwafinka na uku a ciki yana wannan aikin.

In takardu ne zalla za su waje, ka ce takardu ne, ba su da darajar ciniki. Da ka ƙara wani abu, ko da hula ce ko filashin kwamfuta, ya zama kaya, sai an cike fom ɗin kwastam, CN 22 na ƙaramin abu ko CN 23 na mai daraja. Ina roƙon iyayenmu masu 'ya'ya a waje su bar haɗa tsaraba da takarda. Kilishi ba ya shiga Amurka ko Ingila ta wannan hanya, turaren ruwa kuma ba a yarda da shi a saƙon jirgin sama ba saboda yana kama wuta. Ƙullin kilishi ɗaya yana iya sa a tsare takardar da yaro ke jira don rajistar makaranta. Tsabar kuɗi ma kada ta shiga ambulan.

Kafin ka bar kanta, duba rasit ɗin a tsaye. Lambar da ke jikinsa ta yi daidai da wadda aka manna a ambulan? Sunan mai karɓa da garin sun fito daidai? An rubuta nauyi? Hatimin kwanan wata ya fito ana karantawa? In ya dushe, ka ce, "Ranka ya daɗe, a taimaka a sake buga mini, kwanan watan bai fito ba." Ba abin jin kunya ba ne, wannan kwanan watan shi ka zo saye. Nauyin ma shaida ne: ambulan mai giram 300 ba zai zama falle biyu ne kawai a ciki ba. Nemi izini ka ɗauki hoton ambulan ɗin da lambarsa a jiki, rasit a gefensa.

Lambar saƙon da zai fita waje harafi da lamba 13 ce: haruffa biyu, lambobi tara, sai NG a ƙarshe. Mai farawa da R rajista ce, mai E ta EMS, mai C ƙunshi. Rasit ɗin da injin ya fitar a siririyar takarda mai santsi yana gogewa cikin 'yan watanni, balle a zafin aljihu ko gaban mota. Yi masa fotokwafi a ranar, ka maƙala da kwafin wasiƙarka.

Bayan ya tafi

Tura wa mai karɓa lambar da hoton rasit. Bibiyi saƙon a shafin NIPOST ko na kamfanin. In ya fita Nijeriya, lambar nan dai za ka sa a shafin gidan wayar ƙasar da ya nufa, USPS a Amurka, Royal Mail a Ingila, Canada Post a Kanada, kuma sau da yawa can ne bayanin ƙarshe ya fi fitowa. Ranar da ya nuna an isar, ɗauki hoton shafin ko ka buga shi a takarda, domin ba har abada bayanin ke zama a intanet ba. Kamfanoni suna ba da takardar shaidar isarwa mai sunan wanda ya karɓa da lokaci da sa hannunsa. Nemi taka tun abin yana sabo.

Duba sunan da kyau. A manyan ma'aikatu sau da yawa maigadi ne ko masinja ke sa hannu a ƙofa, daga nan zuwa teburin da kake nufi wata tafiya ce. Bar kwana biyu ko uku na aiki, sai ka kira ko ka aika imel: saƙo mai lamba kaza ya iso ran kaza, wane ya karɓa, don Allah a tabbatar ya shiga fayil, a kuma turo kwafin da aka buga wa hatimi. Wanda aka ba suna da rana da lamba ya fi saurin tashi ya duba a kan wanda aka ce wa "na turo takarda kwanaki".

Saƙon rajista da aka aika akwatin gidan waya ba ya shiga akwatin. 'Yar takardar sanarwa ake jefawa, mai akwatin ya je kanta da katin shaida ya sa hannu ya karɓa. In ba mai yawan leƙa akwatinsa ba ne, kai za ka tunatar da shi, in ba haka ba saƙon ya gaji da jira a mayar maka.

In ya dawo, kada ka buɗe. Ambulan a rufe, da hatimansa da dalilin da aka rubuta a jiki, ko an ƙi karɓa ne ko ba a samu mai shi ba, shaida ce cewa ka yi ƙoƙarin isarwa a ranar da ka ce. Ajiye shi haka, ka haɗa sabo daga kwafinka in da buƙatar sake turawa. In asalin takarda ce a ciki kuma dole ka fitar da ita, buɗe a gaban shaida ko lauya, ta gefen ƙasa, ka adana ambulan ɗin.

In kuma shiru ya yi yawa, lambar ta tsaya wuri ɗaya, koma ofishin da ka bayar da saƙon da rasit da fotokwafinsa, ka rubuta ƙorafi kwafi biyu, a buga maka hatimi a ɗaya. Saƙon rajista na ƙasa da ƙasa wata shida ake da shi daga ranar turawa a shigar da neman bincike, kuma fom ɗinsa CN 08 ne. Na kamfanoni ya fi gajarta sosai, akwai mai ba da kwana 30 kacal, kuma sharuɗɗan suna rubuce a bayan takardar webil, wato takardar karɓar saƙo da kamfanin ke ba ka, ko a shafinsu. A lokaci guda ka sanar da waɗanda ke jiran takardar, ka tura musu hoton rasit da wasiƙar rakiya da kwafin takardun ta imel, ka roƙi su riƙe maka matsayinka har a gano saƙon ko ka sake turo wani.